Ɓeraye Da Hawan Jini: Yadda Aka Gano 'Yan Aiken Ƙoda

Yau zancenmu na hawan jini ne, amma ba da doka zan fara ba, labari zan ba ku. Labarin yadda masu ilmi suka yi shekara da shekaru suna neman asalin ciwon nan, da yadda ƙananan dabbobi, tun ba ɓeraye ba, suka nuna musu hanya.

Duk wanda ya taɓa zuwa ɗakin shan magani ya ga yadda malamin asibiti ya kan ɗaura wa mutum wani ƙyalle a damtse, ya yi ta matsa 'yar roba har ƙyallen ya kumbura, sa'an nan ya faɗi lamba biyu, ya ce 120 bisa 80, ko kuwa 160 bisa 100. In ya ce wa mutum jininsa ya hau, sai ka ji ya ce, "To, Malam, a rage mini mana." Wani ya koma gida ya kira wanzami ya yi masa ƙaho. Sunan ciwon ne ya ke ruɗin mutane. Abin da malamin ya ke aunawa shi ne ƙarfin da jini ya ke tura bangon jijiya da shi, ƙaho kuwa ba ya taɓa wannan. Ku dubi mai ban-ruwa a fadama da injinsa da tiyonsa. In ya matse tiyo, ruwa ya kan fita da ƙarfi. In ya ƙara wa tiyo ruwa fiye da yadda ya saba ɗauka, haka nan kuma. Zuciya ita ce injin, jijiyoyi su ne tiyo. Abin da aka daɗe ana tambaya shi ne, wa ya ke matse tiyon nan a cikin jikin mutum, wa kuma ya ke ƙara masa ruwa?

Wanda ya fara auna ƙarfin jini wani limamin coci ne a ƙasar Ingila, sunansa Stephen Hales, ya kuwa buga labarin cikin 1733. Ya sa aka ɗaure wata goɗiya, ya buɗe jijiyar cinyarta, ya haɗa ta da wani dogon bututu na gilashi a tsaye. Jini ya hau cikin bututun har ƙafa 8 da inci 3, yana ɗan hawa yana ɗan sauka duk bugun zuciya. Lalle ba a yi wa mutum irin wannan awo. Sai cikin 1896 wani likita a Italiya, Riva-Rocci, ya ƙago ƙyallen nan na damtse, cikin 1905 kuma wani likitan soja na Rasha, Korotkoff, ya nuna yadda za a saurari jijiya a fitar da lamba biyu.

Tun kafin a sami ma'aunin an riga an fara zargin ƙoda. Cikin 1836 Likita Richard Bright na birnin Landan ya rubuta abin da ya gani a gawar mutum 100 waɗanda ciwon ƙoda ya kashe. Da yawa daga cikinsu ƙodarsu ta tsuke ta yi tauri, zuciyarsu kuwa ta yi kauri fiye da kima. Ya ga akwai abin da ya haɗa su, amma ba shi da hanyar kama shi.

Bari in tsaya in faɗi aikin ƙoda, gama duk labarin a kanta ya rataya. Kowane mutum yana da biyu a bayansa, wajen kwiɓi. Su ne mataci na jini. Cikin yini da kwana su kan tace ruwa kimanin lita 180, watau kusan duro guda, su mayar da galibinsa cikin jiki, su zubar da lita ɗaya da rabi ko makamancin haka, shi ne fitsari. Su ne kuma su ke yanke gishiri nawa zai zauna a jiki, nawa zai fita. Inda gishiri ya zauna kuwa, nan ruwa ya ke zama.

Gaɓoɓin jiki suna aika wa juna saƙo ta cikin jini. Abin da ke ɗauke da saƙon likitoci su kan kira shi homon, sunan da wani Bature Ernest Starling ya raɗa cikin 1905. Mu a zancen nan sai mu kira shi ɗan aike.

Cikin 1898, a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin, wani malami Robert Tigerstedt da almajirinsa Per Bergman suka niƙa ƙodar zomo, suka tace ruwanta, suka yi wa wani zomo allura da shi. Jininsa ya hau. Suka sa wa abin da ke cikin ruwan suna renin, daga sunan ƙoda a harshen Latin. Waɗansu suka gwada abin bai yi musu daidai ba, sai aka yi watsi da zancen har fiye da shekara talatin. Wanda ya tashe shi Harry Goldblatt ne, a Kilibilan ta Amurka, cikin 1934. Shi ya ƙera wani ɗan matsi na azurfa, ya ɗaura shi a jijiyar da ke kai jini ƙodar kare, ya matse kaɗan, ba har jinin ya tsaya ba. Jinin karen ya hau, ya kuma zauna a sama wata da watanni. Ashe in ƙoda ta ga jinin da ke zuwa mata ya ragu, sai ta kai ƙara, jiki duka ya ɗauka.

Nan fa aka shiga tsere. Cikin 1939 da 1940 ƙungiya biyu suka gano abu guda ba tare da sun haɗa kai ba, ɗaya a Ajantina ƙarƙashin Eduardo Braun-Menéndez, ɗaya a Amurka ƙarƙashin Irvine Page. Suka ga renin da kansa ba ya matse jijiya. Wuƙa ce kawai. Akwai wani abu da hanta ta ke zubawa cikin jini kullum, yana yawo ba ya kome, kamar wasiƙa a liƙe. In renin ya same shi ya yanka, sai ainihin ɗan aiken ya fito. Kowace ƙungiya ta ba shi nata suna, aka yi ta rubutu da suna biyu har shekara goma sha takwas. Cikin 1958 suka shirya, kowa ya ba da rabin nasa sunan, aka haɗa aka sami anjiyotensin. Ni dai ban san wata gardamar malamai da ta ƙare da daɗi kamar wannan ba. A tsakanin nan kuma, cikin 1956, Leonard Skeggs ya gano akwai wuƙa ta biyu wadda ta ke datse ɗan aiken kafin ya yi ƙarfi, daga baya aka ga galibin wannan datsa a huhu a ke yinta.

Ga saƙon da anjiyotensin ya ke kaiwa. Ya ce wa ƙananan jijiyoyi su tsuke. Ya ce wa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Ya ce wa ƙwaƙwalwa ta sa mutum ƙishirwa. Kada ku ɗauka mugun abu ne. Wanda zawo da amai suka tsotse shi, ko macen da ta zubar da jini wajen haihuwa, ko matafiyin da ruwa ya ƙare masa a daji, wannan ɗan aike shi ya ke riƙe musu jini har taimako ya zo. Wahala tana zuwa ne sa'ad da ya ci gaba da shela alhali ba abin da ya faru.

A zamanin nan likitoci da yawa ba su ɗauki hawan jini abin magani ba. Sun zaci jiki ne ya ke bukatarsa don ya tura jini cikin jijiyoyin da suka tsufa. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya yi shekaru jininsa yana hawa a gaban likitocinsa, ran 12 ga Afrilu 1945 jijiya ta fashe masa a ka ya rasu, awonsa a ranar 300 bisa 190. Ko da sun so su saukar, ba wani maganin kirki a hannunsu.

Yanzu sai ɓeraye su shigo labarin. Iri biyu a ke kiwo a ɗakunan bincike, akwai babba mai nauyin giram 300 ko fi, akwai kuma ƙarami. Da babban aka fara.

A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka zaune kamar hula, a kan kira ta adirinal, ita ma tana fitar da 'yan aike. Cikin 1943 Hans Selye, a Montiriyal ta Kanada, ya riƙa ba manyan ɓeraye wani homon irin na tsokar nan, ya kuma sa musu gishiri a ruwan sha. Jininsu ya hau ƙwarai, ƙodarsu ta lalace, zuciya ta yi girma, jijiyoyi suka yi rauni. Abin lura shi ne ba a samun irin wannan ɓarna sai homon da gishiri sun gamu. Har yau masu bincike suna bin wannan hanya tasa.

Ainihin ɗan aiken gishiri na jiki kuwa, waɗansu biyu ne a Landan, Sylvia Simpson da James Tait, suka bi sawunsa. Su kan cire wa ɓera tsokar adirinal, su ba shi abin da su ke gwadawa, su auna gishirin fitsarinsa. Cikin 1953, da taimakon Tadeus Reichstein na ƙasar Suwizalan, aka tace shi tsantsa. Tsokar adirinal ta shanu kimanin kilo 500 aka sarrafa, abin da aka samu bai kai nauyin ƙwayar dawa guda ba. Aka sa masa suna aldostiron. Ba a daɗe ba, cikin 1954, Likita Jerome Conn na Jami'ar Mishigan ya ba da labarin wata mace mai shekara 34, mai hawan jini da kasala da ɗaurewar jiki. Aka buɗe ta aka tarar da ƙari a adirinal ɗinta ta dama yana zuba aldostiron ba iyaka. Da aka cire shi jininta ya sauka. Wajen 1960 kuma aka tabbata anjiyotensin ne ya ke tayar da aldostiron, watau ɗan aike na fari shi ya ke aiken na biyu.

Sauran tambaya guda. Me ya sa mutum biyu su ci tuwo da miya ɗaya, wannan jininsa ya hau, wancan ko gezau? Lewis Dahl, a jihar Niyok, ya ba ɓeraye gishiri da yawa, ya ware waɗanda jininsu ya fi hawa ya haɗa su su haihu, ya ware waɗanda bai dame su ba su ma ya haɗa su. Cikin 1962 ya sami zuriya biyu dabam dabam, ɗaya gishiri yana kashe ta, ɗaya ba ya yi mata kome. Cikin 1975 aka buga labarin dashen ƙoda tsakanin zuriyar biyu. Duk inda ƙodar masu ciwon ta tafi, hawan jini ya bi ta can.

Magani kuma daga inda ba a zata ba ya ɓullo. A ƙasar Birazil akwai wani maciji dangin kububuwa, jararaka, wanda in ya sari mutum jininsa ya kan faɗi ƙasa warwas. Wani saurayin likita Sérgio Ferreira ya ware abin da ke cikin dafin cikin 1965, daga baya aka ga yana dakushe wuƙar nan ta biyu ta huhu. Dafi ba ya haɗiyuwa a matsayin ƙwaya, saboda haka Miguel Ondetti da David Cushman a Amurka suka zauna suka ƙera abin da zai yi aikinsa, cikin 1975. Shi ne captopril, aka yarda a fara sayar da shi a can cikin 1981. Duk ƙwayar da kuka ga sunanta a kwali ya ƙare da "pril", kamar lisinopril, 'yar gidansu ce. Cikin 1995 wata ta biyo baya, losartan, ita ba wuƙa ta ke dakushewa ba, kunnen da ke jin saƙon ta ke toshewa.

To, sai ƙaramin ɓera, irin wanda ya ke ɓarna a rumbu amma haifaffen ɗakin bincike. Nauyinsa kimanin giram 25, jinin jikinsa duka bai cika rabin cokalin shayi ba, zuciyarsa tana bugawa wajen sau 600 a minti guda, tamu kuwa wajen 70. Duk da haka awon jininsa kusan daidai ya ke da namu, abin mamaki. A wutsiya a ke ɗaura masa ɗan ƙyallensa. Macen ta kan haihu bayan mako uku, rayuwarsa duka kimanin shekara biyu, saboda haka ciwon da zai ɗauki mutum shekara ashirin ana ganin farkonsa da ƙarshensa cikin 'yan makonni. Ya kuma yi wa masu bincike wata kyauta. Namijin waɗansu irinsu yana tara renin mai yawa a tsokar miyau ta ƙarƙashin muƙamuƙi, daga nan Tadashi Inagami da abokan aikinsa a Amurka suka tace shi cikin 1972, shekara 74 bayan zomon Tigerstedt.

Amma babban dalilin da ya sa aka koma kansa shi ne, cikin shekarun 1980 an koyi yadda za a taɓa ƙwayoyin gadonsa. Ƙwayar gado ita ce umurnin da ɗa ya ke karɓa daga iyaye, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, wanda ya ke faɗa wa jiki abin da zai ƙera. Aka iya cire wa ɓera guda ɗaya tak, ko a ƙara masa, a bar sauran jikinsa yadda ya ke. Da can sai dai a yi zato. Yanzu ana iya tambaya kai tsaye.

Oliver Smithies, wanda ya sami lambar Nobel cikin 2007 saboda wannan fasaha, ya yi wani gwaji mai sauƙin ganewa a Karolina ta Arewa cikin 1995. Ya ɗauki ƙwayar gadon wasiƙar nan ta hanta. Ya yi ɓeraye masu guda 1, masu 2 kamar kowa, masu 3, da masu 4. Kowace ƙwaya da aka ƙara, awon jini ya ƙaru da kimanin lamba 8. Ba wata cuta aka sa musu ba, abu mai kyau ne kawai ya ɗan yi yawa. Haka gadon hawan jini ya ke a gidaje da yawa, kaɗan daga nan, kaɗan daga can, har ya taru. Waɗanda aka cire musu ƙwayar duka kuwa, jininsu ya yi ƙasa ainun, ƙodarsu ba ta ginu daidai ba, da yawa suka mutu tun suna jarirai. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A Jami'ar Tsukuba ta Japan kuma, cikin 1993, aka yi gida biyu na ɓeraye. Gida ɗaya aka sa musu ƙwayar renin ta ɗan Adam, ɗaya gidan aka sa musu ta wasiƙar hanta ta ɗan Adam. Kowane gida lafiya lau, gama wuƙar mutum ba ta yanka wasiƙar ɓera, ta ɓera kuma ba ta yanka ta mutum. Da aka haɗa su aure, 'ya'yan da suka gaji duka biyu sai ga su da hawan jini. Cikin 1996 suka ba da labarin da ya fi wannan. Macen da ke da wasiƙar, in ta ɗauki cikin namiji mai renin, lafiyarta ƙalau har ciki ya tsufa. Sa'an nan renin ya riƙa fitowa daga mabiyiya yana shiga jininta. Jini ya hau, ƙoda ta fara yoyo, zuciya ta yi girma, waɗansu har suka yi jijjiga. Da ta haihu, jinin ya sauka. Ba a ce ciwon jijjiga na matanmu masu ciki daidai ya ke da wannan ta kowace fuska ba, amma ungozoma da ta ji labarin za ta gane kamannin.

Hanyar da aka fi bi ta fi waɗannan sauƙi. A kan sa wa ɓera maganin barci, a tura masa wani ɗan famfo mai kamar kwanson gyaɗa a ƙarƙashin fatar baya, yana ɗiga anjiyotensin dare da rana har kwana 28. Ran nan a duba cikinsa. Zuciya ta yi kauri. Ku ɗauka ɗaki ne a ke yi wa yaɓe ta ciki kowace shekara, bango yana ƙara kauri, wurin zama yana raguwa. Tsakanin naman zuciyar kuma ga tabo fari fari wanda ba ya motsi. Matacin ƙoda ya yage, abin gina jiki da ya kamata ya zauna a jini yana zuba cikin fitsari, shi ya sa fitsarin mai ciwon ƙoda ya kan yi kumfa. Bangon jijiyoyi ya yi tauri. Ɓeran nan kuwa har ranar yana ci yana sha yana guje-guje, ba mai ganinsa ya ce ba shi da lafiya. Wannan ya kamata mai cewa "ni ban ji kome a jikina ba" ya yi tunani a kai.

Daga nan wata gardama ta taso. Shin ƙarfin jinin ne ya ke yin ɓarnar, ko kuwa 'yan aiken ne da kansu su ke cin naman gaɓoɓi? Tambayar tana da amfani, domin amsarta ita za ta nuna ko kowane magani mai saukar da awo ya isa.

Waɗanda suka ce 'yan aiken ne suna da hujja. A farkon shekarun 1990 Christian Brilla da Karl Weber suka ba manyan ɓeraye aldostiron da gishiri, tabo ya fito a zuciya hagu da dama, alhali ɓangaren dama ba ya ɗauke da nauyin hawan jinin. Suka ba waɗansu spironolactone, maganin da ke toshe kunnen aldostiron, kaɗan ƙwarai yadda bai saukar da awo ba, tabon bai fito ba. In an hana gishirin ma ba ya fitowa. Cikin 2000 kuma, a Jami'ar Kentaki, Alan Daugherty da Lisa Cassis suka sa famfon nan a ƙananan ɓeraye masu kitse a jini, sai babbar jijiyar ciki ta yi ƙullutu kamar tub ɗin keke da ya yi rauni a wuri guda. Daga baya suka saukar musu da awo da wani magani dabam, ƙullutun bai fasa fitowa ba.

Ɗaya ɓangaren su ma ba su zo hannu sake ba. Cikin 2006, a Jami'ar Duke, Steven Crowley da Thomas Coffman suka yi dashen ƙoda tsakanin ƙananan ɓeraye. Ku tuna ƙodar nan ba ta fi ƙwayar wake ba, jijiyarta kamar zare, a ƙarƙashin madubin ƙara girma a ke ɗinkin. Suka sami ɓeraye masu kunnen anjiyotensin ko'ina sai ƙoda, da waɗansu masu shi a ƙoda kaɗai. Suka sa famfo. Na farkon jininsu bai yi wani hawan kirki ba, zuciyarsu ba ta yi kauri ba, ko da shi ke ita tana jin saƙon sarai. Na biyun jininsu ya hau, zuciyarsu ta yi kauri, ko da shi ke ita kurma ce. Watau a zancen kaurin zuciya nauyin ne ya ke yi, ƙoda kuma ita ta ɗora shi. A ganina kowane ɓangare ya kama wani abu na gaskiya, ya danganta da gaɓar da a ke magana a kai da irin ɓarnar.

Wani zai ce, wannan ai zalunci ne ga dabbobi. Maganar ba ta banza ba ce. Ingila ta kafa dokar gwaji da dabba tun 1876, cikin 1959 kuma waɗansu malamai biyu, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'ida uku da a ke bi a ƙasashe da yawa: in akwai wata hanya a bar dabbar, in babu a rage yawansu, a kuma sauƙaƙa musu zafi.

Ɓera dai ba mutum ba ne, magunguna da yawa sun yi aiki a jikinsa sun kasa a namu. Dole a komo kan mutane a gwada. Cikin 1999 aka buga sakamakon gwajin spironolactone a kan masu ciwon zuciya mai tsanani su 1,663, mutuwa ta ragu da kashi 30 cikin 100. An kuma ga 'yan gidan "pril" suna jinkirta lalacewar ƙoda ga masu ciwon sukari. Ciwon nan na Conn ma an gane ba abu ne mai wuyar samu ba kamar yadda aka zata da, shi ya sa in an haɗa wa mutum magani uku jininsa ya ƙi sauka, a kan tura shi babban asibiti a bincika.

Mu baƙar fata akwai abin da ya shafe mu musamman. Da yawa daga cikin masu hawan jini a cikinmu reninsu kaɗan ne, jikinsu gishiri ya ke riƙewa, kamar zuriyar nan ta Dahl. Saboda haka "pril" ita kaɗai ba ta cika yi mana ƙarfi ba. Cikin 2019 aka buga wani gwaji da Likita Dike Ojji na Abuja ya shugabanta, a kan mutum 728 a ƙasashe 6 na Afirka. Haɗin da ke da amlodipine, mai sassauta jijiya, ya fi saukar da awo bisa haɗin da ba shi. In kun ga malamin asibiti ya ba maƙwabcinku wata ƙwaya ya ba ku wata, ba son kai ba ne, kada kuma ku yi musaya.

Gishirin da a ke nufi ba na cikin miya kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, kimanin cokalin shayi guda, a ciki har da na dunƙulen miya na kanti da na kanwa. Cikin shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka bi matan da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, masu kumburin ƙafa da haki. Suka ga abin ya fi yawa ga masu shan kunun kanwa da yawa cikin jego tare da kwanciya a gadon wuta, da yawansu kuma jininsu a sama ya ke. Iyayenmu mata da kyakkyawar niyya su ke ba mai jego kunun nan, amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, ita ma ruwa ta ke tarawa a jiki.

Na ce ku riƙe zancen jariran ɓera waɗanda ƙodarsu ba ta ginu ba don rashin anjiyotensin. Haka ya ke ga ɗan Adam a cikin ciki, yana bukatar ɗan aiken nan kafin ƙodarsa ta cika. Saboda haka ba a ba mai ciki magani mai ƙarewa da "pril" ko "sartan". Macen da ke shan ɗayansu, in ta ga ta yi ɓatan wata, ko tana neman haihuwa, ta ɗauki kwalin ta kai wa malamin asibiti a makon nan, akwai waɗansu da za a sauya mata da su waɗanda ba su taɓa ɗan. Wanda kuma "pril" ta sa shi busasshen tari, ya koma ya faɗa a sauya masa, kada ya ajiye maganin ya yi shiru.